Rawar Ɓarɓashin Jini a Martanin Garkuwar Jiki ga Sassan da Aka Dasa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin rawar da ƙananan ƙwayoyin jini da likitoci ke kira filatilet suke takawa a lokacin da garkuwar jikin majinyaci ta haɗu da ƙoda ko zuciya ko hanta ko huhun da aka dasa masa. An daɗe da sanin waɗannan ƙwayoyi a matsayin masu tsayar da zubar jini. Binciken da aka yi daga shekarun 1990 zuwa yau ya nuna cewa su ne sukan fara isa ga jijiyoyin sashen da aka dasa, kuma saƙon da suke bayarwa a can yana cikin abubuwan da ke tayar da fararen ƙwayoyin jini. Maƙalar ta bi wannan aiki mataki-mataki, tun daga mintocin farko na dawowar jini har zuwa lalacewar da ke ɗaukar shekaru, sannan ta kawo wuraren da ƙwayoyin ke taimaka wa dashe. Ta kuma ba da shawarar a kira su “ɓarɓashin jini” da Hausa, domin sunan da ya tsaya ga daskarar da jini yana ɓoye rabin aikinsu.

Fitilun kalmomi: ɓarɓashin jini, garkuwar jiki, dashe, ƙin dashe, ƙirƙirar kalmomi

1.0 Gabatarwa

Ranar 23 ga Disamba, 1954, likita Joseph Murray da abokan aikinsa suka yi dashen ƙoda na farko da ya ɗore, a birnin Boston na Amurka. Mai bayarwa da mai karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, saboda haka jikin majinyacin bai ga ƙodar a matsayin baƙuwa ba. Sauran mutane ba su da wannan gata. Duk wanda aka dasa wa sashe daga jikin wani, garkuwar jikinsa za ta yi yunƙurin kashe sashen, kuma magungunan da zai sha har ƙarshen rayuwarsa aikinsu danne wannan yunƙuri ne.

Al'amarin ya daina zama labarin ƙasashen waje ga mai jin Hausa. An fara dashen ƙoda a Nijeriya a shekarar 2000 a Legas, sannan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara nasa a 2002. Kalmomin “wankin ƙoda” da “dashen ƙoda” sun shiga bakin jama'a, ana jin su a gidajen rediyo da wuraren neman taimako. Sai dai bayanin abin da ke faruwa a cikin jiki bayan tiyata bai samu gurbi a harshen ba tukuna. Idan ma an yi bayanin, akan tsaya ga fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aka saba kira sojojin jiki.

Manufar wannan maƙala ita ce fito da wani ɗan wasa da aka jima ana tsallakewa, wato ɓarɓashin jini. An tattaro bayanan daga sakamakon binciken masana likitanci da aka wallafa, aka tsara su bisa lokacin da kowane abu ke aukuwa a rayuwar dashe.

2.0 Batun Suna

Sunan da Turawa suka ba waɗannan ƙwayoyi ya samo asali ne daga siffarsu, domin a madubin likita suna kama da ɗan ƙaramin faranti. Wani sunan nasu na likitanci, mai tushe a Girkanci, yana nufin ƙwayar gudan jini. Masu fassara zuwa Hausa sukan bi na biyun, su ce “ƙwayoyin daskarar da jini”. Fassarar tana da sauƙin fahimta, amma ta ɗaure ƙwayar ga aiki guda. Wanda ya koyi sunan haka zai yi mamaki idan aka ce masa tana da hannu a kumburi ko a ƙin dashe.

Maƙalar nan ta zaɓi “ɓarɓashin jini” bisa dalilai biyu. Na farko, sunan ya dace da asalinsu, domin gutsattsari ne da ke ɓallewa daga jikin wata babbar ƙwaya, kamar yadda za a gani a gaba. Na biyu, bai yanke hukunci a kan aikinsu ba. Sauran kalmomin da za a riƙa amfani da su su ne: “dashe” ga sashen da aka dasa, “ƙin dashe” ga farmakin da garkuwar jiki ke kai masa, “shimfiɗar jijiya” ga siririn layin ƙwayoyin da ya lulluɓe cikin kowace jijiyar jini, da “antibodi” ga furotin ɗin da garkuwa ke ƙerawa domin ya kama wani baƙon abu takamaimai.

3.0 Asalin Ɓarɓashi da Ƙirarsa

Likitan Italiya Giulio Bizzozero ne ya bayyana ɓarɓashi a 1882 a matsayin rukuni na uku na ƙwayoyin jini, bayan jajaye da farare, ya kuma nuna yadda yake taruwa a inda jijiya ta ji rauni. A 1906 James Homer Wright na Boston ya gano cewa daga wata ƙatuwar ƙwaya ta cikin ɓargo yake fitowa. Wannan uwar ɓarɓashi tana miƙa dogayen rassa cikin magudanar jini, rassan su kakkarye su bi jini. A 2017 masu bincike a San Francisco suka nuna cewa a jikin ɓeraye huhu ma babban wurin samar da shi ne.

Faɗin ƙwaya ɗaya bai wuce mikromita 2 zuwa 3 ba, kuma ba ta da cibiyar da ke riƙe da bayanan gado kamar sauran ƙwayoyin halitta. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace mikrolita ta jini, alhali ɗigo ɗaya ya kai wajen mikrolita 50. Kowace ƙwaya tana rayuwa kwana 7 zuwa 10, jiki kuma yana samar da kimanin biliyan 100 a kullum. Kusan kashi ɗaya cikin uku yana ajiye a saifa. Wannan yawa yana da muhimmanci ga batunmu: ɓarɓashi ya ninka fararen ƙwayoyi sau gommai a adadi, kuma saboda ƙanƙantarsa jajayen ƙwayoyi suna tura shi gefe, ya riƙa tafiya yana gogar bangon jijiya. Duk abin da ya sauya a bangon, shi ne farkon sani.

A cikin kowace ƙwaya akwai 'yan jakunkuna iri biyu manya. Kashi na farko, waɗanda sukan kai 50 zuwa 80, suna ɗauke da furotin masu yawa. Daga ciki akwai sinadarin von Willebrand mai aikin danƙo, da P-selektin mai aikin ƙugiya, da PF4 da RANTES masu kiran fararen ƙwayoyi. Kashi na biyu, guda 3 zuwa 8, suna ɗauke da ƙananan sinadarai irin su ADP da serotonin da kalsiyam. Idan ɓarɓashi ya farka, sai ya sauya siffa, ya fitar da ƙafafu, ya zazzage jakunkunan cikin daƙiƙoƙi. Duba kayan da ke ciki kaɗai ya isa nuna cewa wasu na ɗinkin rauni ne, wasu kuwa na yaƙi ne. A jikin kifi da tsuntsaye ma ƙwayar da ke wannan aiki cikakkiya ce mai cibiya, kuma tana iya haɗiye ƙwayoyin cuta.

4.0 Yadda Jiki Ke Gane Baƙo

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da wasu furotin a fatarta da ake kira HLA. Jean Dausset na Faransa ne ya gano na farkonsu a 1958. Suna aiki kamar tsagar gado a fuska: da su garkuwa ke bambance ɗan gida da bare. Nau'o'insu suna da yawa ƙwarai, ta yadda da wuya mutum biyu da ba 'yan'uwa ba su dace gaba ɗaya. Ko tsakanin shaƙiƙai, damar dacewa cikakkiya ɗaya ce cikin huɗu.

Garkuwa tana kai wa baƙon HLA hari ta hanyoyi biyu. Ƙwayoyin T suna shiga naman dashen su kashe ƙwayoyinsa kai tsaye. Ƙwayoyin B kuma suna ƙera antibodi, wanda ke bin jini ya manne wa shimfiɗar jijiyoyin dashen. Abin lura shi ne, jijiyoyin da ke cikin dashe na mai bayarwa ne, jinin da ke bi ta cikinsu kuwa na mai karɓa ne. Shimfiɗar jijiya ita ce iyakar da jikunan biyu suka haɗu, kuma a kan wannan iyaka ɓarɓashi yake sintiri.

Lafiyayyar shimfiɗa tana kwantar da ɓarɓashi da kanta. Tana fitar da iskar naitirik oksayid da sinadarin furostasaikilin, tana kuma da wani furotin mai suna CD39 da ke rusa ADP kafin ya tayar da shi. Muddin tana wannan aiki, ɓarɓashi wucewa yake yi. Tarihin ƙin dashe, ta fuskar da muke dubawa, tarihin gazawar wannan shimfiɗa ne.

5.0 Ɓarɓashi a Matakan Rayuwar Dashe

5.1 Dawowar jini

Daga lokacin da aka cire sashe daga jikin mai bayarwa har a haɗa shi da jijiyoyin mai karɓa, ba ya samun jini. Ana sanyaya shi zuwa wajen digiri 4 domin rage ɓarna. Zuciya takan jure awa 4 zuwa 6, ƙoda kuma takan kai yini guda ko fiye. Duk da sanyin, shimfiɗar jijiya tana galabaita, kuma dawowar jini mai iskar oksijin yana ƙara mata wani raunin. Sai ta rage fitar da sinadaran kwantarwa, ta fito da sinadarin von Willebrand da P-selektin a fuskarta. A wasu wuraren ƙwayoyinta sukan ɗaye, naman da ke ƙasa ya bayyana.

Ɓarɓashin mai karɓa yana mannewa a waɗannan wurare cikin mintoci. Da ya manne sai ya fito da nasa P-selektin ɗin, wanda ke kama wani furotin mai suna PSGL-1 a jikin fararen ƙwayoyi. Ta haka yake zama matakala: farar ƙwayar da jini zai wuce da ita sai ta sami abin riƙewa, ta tsaya, ta kutsa cikin naman dashen. RANTES da ya zuba a kan shimfiɗar kuma yana ƙara jawo wasu. A wannan mataki garkuwa ba ta kai ga tantance HLA ba tukuna, rauni kawai take amsawa. Amma kumburin da ya tashi yana sa dashen ya fito da HLA ɗinsa fili, ya kuma farkar da ƙwayoyin da za su kai labarinsa ga ƙwayoyin T.

Misalai biyu sun fayyace wannan. A dashen huhu akwai wata gazawa da ke zuwa cikin awa 72 na farko, inda huhun ke cika da ruwa. A 2015 masu bincike a San Francisco suka nuna a jikin ɓeraye cewa ɓarɓashi yana tunzura wasu fararen ƙwayoyi masu suna niyuturofil su amayar da zaren cikinsu kamar taru, tarun kuma ya lalata huhun. Da aka ba ɓerayen asfirin, tarun ya ragu, raunin ma ya ragu. Misali na biyu daga Uppsala ta ƙasar Suwidin yake, inda a ƙarshen shekarun 1990 aka bayyana abin da ke samun ƙwayoyin samar da insulin da ake dasa wa masu ciwon suga ta jijiyar hanta. Da zarar sun taɓa jini, ɓarɓashi yana lulluɓe su, gudan jini ya kewaye su, fararen ƙwayoyi su biyo baya, a yi asarar kaso mai yawa tun kafin su zauna. Wannan ne ya sa ake haɗa dashen nasu da maganin hefarin mai hana daskarewar jini.

5.2 Ƙin da antibodi ke jawowa

Mafi munin ƙin dashe shi ne na nan take. Yana faruwa idan majinyaci yana da antibodi a kan HLA ko rukunin jinin mai bayarwa tun kafin tiyata. A 1966 Kissmeyer-Nielsen da abokan aikinsa a Denmak suka danganta shi da irin wannan antibodi. Ƙodar da ta yi ja da shigar jini sai ta koma shuɗi-shuɗi, ta yi laushi, wani lokaci tun likita bai rufe ciki ba. Idan aka duba ta a madubi, ƙananan jijiyoyinta a toshe suke da ɓarɓashi da zaren gudan jini. Antibodi ne ya fara, amma toshewar ce ke kashe ƙodar. A 1969 Patel da Terasaki a Los Angeles suka ba da rahoton cewa cikin ƙoda 30 da aka dasa wa masu irin wannan antibodi, 24 sun gaza nan take. Daga nan gwajin haɗa jinin mai karɓa da ƙwayoyin mai bayarwa kafin tiyata ya zama wajibi, ƙin nan take kuma ya zama abin da ba a cika gani ba.

Antibodi yana iya tasowa bayan dashe, cikin makonni ko shekaru, ya yi ɓarna a hankali. Idan ya kama HLA a shimfiɗar jijiya, yana sa ta zubar da sinadarin von Willebrand, yana kuma kunna wata rundunar furotin ta jini da ake kira kwamfiliman. Gwajin da aka yi a kan ɓeraye a Jami'ar Johns Hopkins, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna ɓarɓashi yana birgima yana mannewa a jijiyoyin dashen fata bayan an yi wa dabbar allurar irin wannan antibodi. Tun kafin haka, a ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980, likitoci sun riƙa yi wa ɓarɓashin majinyaci alama da sinadarin indiyam mai haske a na'ura, su mayar masa, su ga yana taruwa a ƙodar da jiki ke ƙi. A lokacin an ɗauki taruwar a matsayin alamar ɓarna kawai. Yanzu an fahimci cewa tana cikin masu ƙara ta.

5.3 Darasin CD154

Ƙwayar B ba ta ƙera antibodi mai ƙarfi sai ta sami izini daga ƙwayar T. Izinin yana zuwa ne ta haɗuwar furotin biyu: CD154 a jikin ƙwayar T, da CD40 a jikin ƙwayar B. A 1998 masu bincike a Jamus suka gano cewa ɓarɓashi ma yana fito da CD154 cikin daƙiƙoƙi bayan ya farka, kuma da shi yake sa shimfiɗar jijiya ta kumbura. Daga baya aka tabbatar cewa mafi yawan CD154 da ke yawo a ruwan jini daga ɓarɓashi yake fitowa. A 2006 aka wallafa wani gwaji a Amurka: ɓerayen da ba su da CD154 suna riƙe zuciyar da aka dasa musu, amma da aka zuba musu ɓarɓashin ɗan Adam mai ɗauke da shi sai suka ƙi ta. Ma'anar wannan ita ce, tiyatar kanta, ta hanyar farkar da ɓarɓashi, tana iya samar da izinin da ƙin dashe ke buƙata.

Wannan furotin ya koya wa masana darasi mai tsada. A ƙarshen shekarun 1990 aka ƙera wani antibodi na magani da ke toshe CD154. Ya hana ƙin ƙoda a jikin birai ta yadda aka sa rai za a rage dogaro da magungunan danne garkuwa. Da aka fara gwada shi a jikin mutane, wasu suka sami gudan jini a jijiyoyinsu, aka dakatar da gwajin. Bincike ya nuna cewa maganin yana haɗuwa da CD154, sannan wutsiyarsa ta kama wata ƙofa a jikin ɓarɓashin ɗan Adam ta tayar da shi. Ɓarɓashin ɓera ba shi da wannan ƙofa, shi ya sa gwajin ɓeraye bai nuna hatsarin ba. Ɗan hakin da aka raina shi ya tsone ido. An ɗauki shekaru kafin a dawo da dabarar ta hanyar sauya wutsiyar maganin, kuma sababbin nau'o'insa suna matakin gwaji a jikin majinyata.

5.4 Lalacewa ta dogon zango

Dashen da ya tsallake shekarar farko yana fuskantar wata barazana mai tafiyar hawainiya. Bangon jijiyoyinsa yana kauri daga ciki, hanyar jini tana tsukewa, nama yana komawa tabo. A zuciyar da aka dasa wannan na cikin manyan dalilan mutuwa bayan shekarun farko, kuma sau da yawa majinyaci ba ya jin ciwon ƙirji domin an yanke jijiyoyin ji a lokacin tiyata. Ɓarɓashi yana ɗauke da sinadaran girma guda biyu da ke da hannu a nan, PDGF mai sa ƙwayoyin tsokar jijiya su hayayyafa, da TGF-beta mai sa tabo. Su ne dai masu warkar da yanka a fata. Idan raunin shimfiɗar jijiya ya ƙi ƙarewa saboda antibodi yana ci gaba da taɓa ta, gyaran ma ba ya tsayawa, har ya toshe jijiyar da ake gyarawa.

Akwai kuma wata cuta da ƙananan gudajen ɓarɓashi ke toshe siraran jijiyoyin ƙoda, adadinsa a jini ya faɗi, jajayen ƙwayoyi su farfashe. Antibodi na iya jawo ta. Magungunan saikulosforin da takurolimus, waɗanda su ne ginshiƙin kare dashe, su ma suna iya jawo ta.

6.0 Inda Ɓarɓashi Ke Taimakon Dashe

Bayanan da suka gabata na iya sa a zaci kawar da ɓarɓashi shi ne mafita. Hanta ta nuna akasin haka. A 2006 masu bincike a Zurich ta Suwizalan suka nuna cewa hantar ɓera da aka yanke wani ɓangarenta ba ta sake tsiro yadda ya kamata idan babu ɓarɓashi, kuma serotonin ɗin da yake ɗauke da shi na cikin abin da take buƙata. Wannan yana da nauyi a dashen hanta daga mai rai, inda ake raba hanta ɗaya, kowane ɓangare kuma dole ya girma. Bayan dashen hanta adadin ɓarɓashi yakan faɗi, ya kai ƙasa a wajen kwana na 3 zuwa na 5, sannan ya farfaɗo cikin kimanin mako biyu. An lura cewa majinyatan da nasu ya yi ƙasa sosai a kwana na biyar sun fi fuskantar matsala.

Ko a fagen garkuwa ma aikinsa ba na tunzuri kaɗai ba ne. A 2014 masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka suka ga cewa ɓerayen da ba su da PF4 sun fi tsananta ƙin zuciyar da aka dasa musu, domin PF4 yana taƙaita wani rukuni na ƙwayoyin T masu hura kumburi. Sinadarin da ke kiran mayaƙa a wani wuri shi ne ke ja musu linzami a wani.

Ga likita, lamarin gaba kura ne baya sayaki. Mai ciwon ƙoda da ma ɓarɓashinsa ba ya aiki sosai saboda dattin da ya taru a jini, don haka yana da saurin zubar jini. An yi masa babbar tiyata, kuma za a iya buƙatar tsakuro naman ƙodar da allura domin bincike. Wasu magungunan dashe kuma suna rage yawan ɓarɓashi da kansu. Danne shi gaba ɗaya hatsari ne. Abin da bincike ke nema shi ne hanyar rufe bakinsa na kiran garkuwa a bar masa hannunsa na ɗinki.

7.0 Dashe Daga Dabba

Ƙarancin masu bayarwa ya sa ake gwada sassan aladen da aka sauya wa ƙwayoyin gado, kuma a nan matsalar ɓarɓashi ta fi fitowa fili. Sinadarin von Willebrand na alade yana tayar da ɓarɓashin ɗan Adam ko babu rauni. Furotin ɗin da shimfiɗar jijiyar alade ke hana daskarewa da su ba sa aiki sosai da jinin mutum. Hantar alade kuwa tana haɗiye ɓarɓashin mutum har adadinsa ya faɗi warwas. Zuciyar aladen da aka dasa wa wani majinyaci a Jami'ar Maryland a Janairun 2022 tana da sauye-sauye goma, biyu daga ciki ƙwayoyin gadon ɗan Adam ne da aka saka domin hana daskarewar jini. Majinyacin ya rayu wata biyu. A dashen ƙodar alade da aka yi a Boston a Maris 2024, cikin magungunan da aka yi amfani da su akwai sabon nau'in mai toshe CD154 da aka gyara wa wutsiya.

8.0 Abin da Ya Shafi Majinyata a Ƙasar Hausa

Ɓarɓashi yana ɗauke da HLA rukuni na ɗaya a fatarsa, da yawan da har ɗakunan gwaji kan yi amfani da shi wajen tsame irin wannan antibodi daga ruwan jini. Saboda haka duk ledar jinin da aka ƙara wa mutum tana shigar masa da HLA na wani, ta ɓarɓashi da kuma ta fararen ƙwayoyin da ke ciki, waɗanda su ne suka fi tayar da garkuwa. Hanyoyi uku ne ke sa mutum ya sami antibodi a kan HLA: ƙarin jini, da juna biyu, da dashen da ya gabata. Mai wankin ƙoda yana fama da ƙarancin jini, mai sikila ya saba da ƙarin jini tun yarinta, macen da ta haihu sau da yawa kuma jikinta ya sha haɗuwa da HLA na mijinta ta hanyar 'ya'yanta. Wannan na ƙarshe yana nufin ƙodar miji ko ta ɗa tana iya zama wadda jikinta ya riga ya shirya wa. Tunda dashen ƙoda a Nijeriya daga masu rai ake yi, bayanin yana da amfani ga iyalin da ke shawarar wanda zai bayar. Allurar da ke ƙara jajayen ƙwayoyi tana rage wannan hatsari.

Abu na biyu shi ne sayen magani a kemis ba da izinin likita ba. Asfirin yana kashe wani aikin ɓarɓashi har ƙarshen rayuwar ƙwayar, wato tasirinsa yana kai kwanaki. Ibufurofen da dikulofenak suna taɓa ɓarɓashi, suna kuma rage jinin da ke shiga ƙoda. Wanda aka dasa wa ƙoda guda ɗaya tak yana buƙatar a gaya masa wannan da harshen da yake ji. Zazzaɓin cizon sauro ma yana rage ɓarɓashi, don haka faɗuwar adadinsa a jikin mai dashe tana da fassara fiye da ɗaya, kuma gwaji ne ke rarrabewa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ɓarɓashin jini yana cikin kowane mataki na rayuwar dashe. Shi ke fara mannewa a shimfiɗar da ta galabaita, ya tsayar da fararen ƙwayoyi. Shi ke toshe jijiyoyi idan antibodi ya kai hari. Yana ɗauke da CD154 mai buɗe wa ƙwayoyin B hanya, da sinadaran girma masu kaurara jijiya a tsawon shekaru. A hanta kuma yana cikin masu sa ta sake tsiro. Daskarewar jini da garkuwar jiki, waɗanda littattafan koyarwa suka saba rabawa babi biyu, a jikin wannan ƙwaya haɗe suke.

Ga masu nazarin Hausa, aikin da ke gaba shi ne daidaita kalmomin wannan fage tare da likitocin ƙoda da masana jini, a gwada su a bakin majinyata da masu jinya kafin su shiga ƙamus. “Ɓarɓashin jini” da “shimfiɗar jijiya” da “ƙin dashe” shawarwari ne da ke jiran wannan gwaji. Ma'aunin da ya kamata a bi shi ne sunan ya bar wa binciken gobe wuri, domin ƙwayar da Bizzozero ya bayyana a 1882 ta shafe fiye da shekara ɗari kafin a gano CD154 a jikinta.